Kafin Ka Zare Filash: Amsoshin Tambayoyinku Kan Lalacewar Fayil da Ajiyar Wucin Gadi

Wasiƙun wannan makon kusan duk wuri ɗaya suka dosa: filash, katin memori, faifan ajiya na waje, da abin da ke biyo baya idan an fizge su daga jikin kwamfuta ko waya. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran, mun kuma taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Daga wani mai shagon buga takardu a Zariya: Na tura wa kwastoma bidiyon biki mai nauyin gigabait 2 a filash ɗinsa. Da idona na ga layin kwafi ya cika, akwatin ya ɓace, sannan na zare. Washegari ya dawo, bidiyon ya ƙi buɗewa. Ina matsalar take?

Malam, layin bai yi maka ƙarya ba, sai dai ba abin da kake zato yake aunawa ba. Ka tuna yadda ake kai kaya tasha. Ka miƙa buhunanka, ɗan kamasho ya karɓa ya ce ka tafi abinka. A wurinka kaya sun kama hanya, alhali suna nan jibge a gefen mota ana jiran ta cika.

Haka kwamfuta take yi. Tana da wata ma'ajiya mai tsananin sauri da ake kira RAM, wadda ke karɓar dubban megabait a daƙiƙa guda. Filash mai araha kuwa sau da yawa megabait 5 zuwa 10 kawai yake iya rubutawa a daƙiƙa. Don kada ta tsayar da kai, sai kwamfutar ta karɓi bayanan ta jibge a RAM, ta ce maka an gama, sannan ta riƙa sauke su cikin filash ɗin sannu a hankali. A saitin Windows za ka ga an rubuta wannan da sunan write caching. Mu a nan ajiyar wucin gadi za mu ce. Abin da ke cikin RAM kuma ba ya bin filash idan an zare shi, ba ya kuma tsira idan wuta ta ɗauke.

Yi lissafin da kanka. Gigabait 2 megabait 2048 ke nan. Idan filash ɗin yana rubuta megabait 8 a daƙiƙa, aikin zai ci daƙiƙa 256, wato minti huɗu da 'yan kai. Duk ranar da ka ga irin wannan kwafi ya kammala cikin minti ɗaya a filash mai nawa, to ka san akwai sauran kaya a tasha.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, fayil ɗaya ba a wuri ɗaya ake rubuta shi ba. A tsarin jera fayiloli da ake kira FAT32, wanda yawancin ƙananan filash ke zuwa da shi, wurare uku ake taɓawa. Akwai ainihin bayanan, waɗanda ake yayyankawa a zuba a ƙananan gurabe. Akwai teburin da ke nuna wane gurbi ne ke bin wane. Sai kuma rajistar folda, inda sunan fayil, girmansa da gurbinsa na farko suke. Idan aka katse aikin a tsakiya, alamar da za ka gani ta danganta da wanda bai samu shiga ba. Suna ya shiga amma ba a sabunta girma ba, sai ka ga fayil mai nauyin sifili. Bayanai sun shiga amma rajista ba ta shiga ba, sai ka ga fili ya ragu a filash amma babu fayil. Mafi muni shi ne a katse lokacin da ake rubuta teburin ko rajistar kanta, domin a nan har tsofaffin fayilolin da ba ka taɓa ba suna iya shiga ciki.

Danna Eject, ko Safely Remove Hardware da ke kusa da agogo, sallama ce tsakanin kwamfuta da filash. Kwamfutar za ta sauke duk abin da ya rage a RAM, ta umarci na'urar ita ma ta rubuta abin da ke cikin tata ƙaramar ma'ajiyar, ta tabbatar babu manhajar da ke riƙe da wani fayil, ta goge alamar da ke nuna ana tsakiyar aiki, sannan ta ce ka cire. Sai ka ga saƙon Safe to Remove Hardware kafin ka kai hannu. Danna Eject a zare nan take ba a jira saƙon ba, daidai yake da rashin dannawa.

Daga wani ɗalibi a Bauci: Na ji an ce Microsoft da kanta ta ce yanzu ba sai an yi Eject ba. Gaskiya ne?

Da ƙamshin gaskiya, amma an yanke maganar. Windows yana da tsari biyu ga na'urorin ajiya na waje. Na farko Quick removal: ba a tara komai a ajiyar wucin gadi, duk abin da aka tura kai tsaye ake rubuta shi, don haka idan layin kwafi ya cika, to aikin ya kusa ko ya riga ya ƙare. Na biyu Better performance: ana tarawa a RAM, aiki ya yi sauri, amma Eject ya zama dole. Daga Windows 10 sigar 1809, wadda ta fito a ƙarshen 2018, Microsoft ta ce Quick removal ne tsarin da kowace na'urar waje za ta hau kai tun farko. Windows 11 ma haka yake. Idan kana so ka san sigar da ke kwamfutarka, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver.

To amma Quick removal abu ɗaya kawai ya kawar, wato jinkirin da Windows ke yi da gangan. Bai hana wata manhaja yin rubutu a daidai lokacin da ka kai hannu ba. Word, alal misali, idan ka ce ya adana, ba kan tsohon fayil yake rubutawa kai tsaye ba. Sabon fayil na wucin gadi yake rubutawa, ya kawar da tsohon, sannan ya sauya wa sabon suna. Ka zare a tsakiyar waɗannan matakai, kana iya rasa tsoho da sabo. Manhajar kashe bairos ma tana iya kasancewa tana bincike, ko tana ɗauke wani fayil da ta zarga.

Akwai kuma abin da ke faruwa a cikin filash ɗin kansa, wanda Windows ba ya gani. Ƙwaƙwalwar filash ba ta rubutu kan rubutu. Sai an goge babban yanki gaba ɗaya kafin a sake rubutu a cikinsa. Shi ya sa ɗan ƙaramin guntun da ke sarrafa filash ɗin yake ta kwashe bayanai daga wannan yanki zuwa wancan, yana riƙe da taswirar inda komai yake. Idan wuta ta yanke masa yana tsakiyar gyara taswirar, filash mai ƙaramin inganci yana iya rikicewa gaba ɗaya.

Ra'ayinmu a taƙaice: idan kallo ko karatu kawai ka yi, ka rufe komai, kwamfutar kuma tana kan Quick removal, haɗarin zarewa kaɗan ne. Idan ka rubuta wani abu, ko kwamfutar ba taka ba ce ba ka san saitinta ba, yi Eject. Kada kuma ka dogara da 'yar fitilar da ke jikin filash. Ƙyaftawarta na nuna ana aiki, amma tsayawarta ba ta nuna RAM ta zazzage.

Daga wani mai tace bidiyo a Kano: Kullum ina kwashe manyan fayiloli zuwa faifan ajiya na waje, kuma yana ci min lokaci. Ta yaya zan koma Better performance, kuma ya dace?

Ga hanyar. Jona faifan, ka danna maɓallin dama na maus a kan Start, ka zaɓi Disk Management. A ɓangaren ƙasa za ka ga Disk 0, Disk 1 da sauransu. Gane naka ta girmansa. Danna dama a kan sunan da ke gefen hagu, ba a kan dogon layin ba, ka zaɓi Properties, sai shafin Policies. A nan zaɓuɓɓukan biyu suke. Idan ka zaɓi Better performance, ka sa alama a akwatin Enable write caching on the device. 'Yan'uwanmu na Nijar masu Windows na Faransanci za su ga Suppression rapide da Meilleures performances. Ka sani cewa saitin a kwamfutar yake zaune, ba a jikin faifan ba. Ka kai shi wata kwamfutar, tsarinta zai bi.

A ƙarƙashin wannan akwai wani akwati da ya fara da Turn off Windows write-cache buffer flushing. Kada ka taɓa shi. Shi ne ke hana Windows tilasta wa faifan sauke abin da ya tara, kuma an tanade shi ne don na'urorin da wutarsu ba ta yankewa.

Ko ya dace? Ka fara auna ribar. Ajiyar wucin gadi ba ta ƙara wa faifai ƙarfin rubutu. Inda take taimakawa sosai shi ne kwafin dubban ƙananan fayiloli, domin tana haɗa ƙananan rubuce-rubuce ta yi su a dunƙule. A babban bidiyo guda ɗaya bambancin ba ya kai yadda ake zato. Sau da yawa ƙofar da ka jona ce matsalar: USB 2.0 a aikace ba ta wuce megabait 30 zuwa 40 a daƙiƙa, yayin da USB 3.0, wadda cikinta kan zama shuɗi, take ninka wannan sau da dama. Gwada sauya ƙofa da igiyar USB tukuna.

Sai maganar wuta, wadda a wurinmu ita ce babba. Idan laftof ce mai lafiyayyen batir, faifan kuma ƙarami ne mai shan wuta daga USB, ɗaukewar wuta ba za ta shafe ka ba. Idan kwamfutar tebur ce babu UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, kada ka kunna Better performance, domin ɗaukewar wuta ko sauyawa zuwa janareta daidai yake da fizge waya. Ga kuma inda mutane da yawa ke faɗawa: babban faifai mai tasa adaftar ta bolt 12. Laftof tana nan a kunne kan batir, shi kuwa faifan ya mutu a tsakiyar rubutu. Irinsa a bayan UPS ake jona shi.

Bayan Eject, ka ba faifai mai juyawa daƙiƙa biyar zuwa goma. Ɗora yatsa a kansa. Sai ka ji rawar ta tsaya sannan ka ɗaga. Ƙananan nan yawanci sau 5400 suke juyawa a minti, allurar karatu kuma tana shawagi dab da fuskar faifan, don haka girgiza shi yana juyi ya fi zare waya illa.

Daga wata ɗaliba a Sakkwato: Ni kam ina danna Eject, amma sai ya ce This device is currently in use, alhali na rufe komai. Sai in gaji in zare.

Malama, saƙon yana nufin akwai manhajar da har yanzu ke riƙe da wani fayil ko folda, ko da ba kya ganinta a allo. Fara da masu sauƙi. Rufe duk tagar da ke nuna abin da ke cikin filash ɗin, musamman idan gefen da ke nuna samfotin fayil yana buɗe. Rufe Word ko manhajar kallon bidiyo gaba ɗaya, ba takardar kaɗai ba, domin wasu manhajoji suna ci gaba da riƙe folda ta ƙarshe da aka buɗe. Ki jira kamar rabin minti ki sake gwadawa. Sau da yawa manhajar kashe bairos ce ko mai jera fayiloli don bincike, kuma da kansu suke saki.

Idan ya ƙi, ki kamo mai laifin. Danna Windows da R, rubuta resmon, shiga shafin CPU. A layin Associated Handles akwai gurbin bincike. Rubuta harafin filash ɗin, misali E:\ sai ya jero manhajojin da ke riƙe da shi. Wata hanyar ita ce Event Viewer: shiga Windows Logs, sai System, ki nemi saƙo mai lamba 225, wanda ke faɗin sunan manhajar da ta hana cirewa. Idan explorer.exe ce, buɗe Task Manager, danna dama a kan Windows Explorer, ki zaɓi Restart. Allon zai ɗan ƙyafta, ba komai. Abin da ba ki san aikinsa ba kuwa kada ki kashe shi da ƙarfi.

Idan duk wannan bai yi ba, kashe kwamfutar, ki zare bayan ta mutu. Riƙe Shift lokacin da kike danna Shut down, domin tun daga Windows 8 akwai tsarin Fast Startup da ke sa kashewar yau da kullum ta zama rabin barci. Rufe murfin laftof kuwa ba kashewa ba ne. Kuma tunda aikin makaranta ne, ki daina yin rubutu kai tsaye a kan filash. Kwafo fayil ɗin zuwa kwamfuta, ki yi aikinki, ki mayar idan kin gama. Ta haka kullum kina da kwafi biyu.

Daga wani malamin kwamfuta a Maraɗi: A Ubuntu kwafi yana gamawa nan da nan, amma Eject sai ya ɗauki minti biyu ko uku. Filash ɗin ne ya lalace?

Lafiyarsa lau, bashin rubutu ake biya. Linux, wanda Ubuntu wani nau'insa ne, ya fi Windows sakin hannu wajen tarawa a RAM. A saitinsa na asali, yana barin bayanan da ba a rubuta ba su kai kashi 20 cikin ɗari na RAM ɗin da ke akwai kafin ya tilasta wa manhajar da ke kwafi ta dakata, kuma bayanai na iya zama daƙiƙa 30 kafin a ɗauke su a matsayin waɗanda lokacin saukewarsu ya yi. A kwamfuta mai RAM gigabait 8, abin da ke jira yana iya haura gigabait ɗaya. A filash mai rubuta megabait 8 a daƙiƙa, ga mintunanka biyu zuwa uku nan.

Kana iya gani da idonka. Buɗe Terminal ka rubuta watch grep -e Dirty -e Writeback /proc/meminfo, za ka ga lambobin suna sauka har su kusa sifili. Umarnin sync yana tilasta saukewa, kuma ba ya dawo maka da layin rubutu sai ya gama. Daga nan sai umount don kwamfutar ta saki na'urar, sannan udisksctl power-off -b /dev/sdb idan sdb ne sunan na'urar. Tabbatar da sunan ta umarnin lsblk tukuna. Idan aka ce maka na'urar tana cikin aiki, fuser -m tare da wurin da aka ɗora ta zai nuna mai riƙe da ita.

Masu Mac su ma wannan ya shafe su. Babu zaɓin Quick removal a can, shi ya sa kwamfutar ke yin faɗa da saƙon Disk Not Ejected Properly. Zaɓi faifan ka danna Command da E, ka jira hotonsa ya ɓace daga allo.

Daga wata ma'aikaciya a Kaduna: Yaro ya fizge min filash ina cikin kwafi. Yanzu idan na jona sai ya ce sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi. Takardun ofis ne a ciki, ba ni da wani kwafi.

Hajiya, kada ki danna Format, kada kuma ki bari wani ya danna miki da sunan gyara. Saƙon yana nufin Windows ya kasa karanta farkon faifan ko teburin da muka ambata a sama. Takardun kansu galibi suna nan a gurabensu. Rajistar ce ta yage. Abin da zai hallaka su shi ne a rubuta sabon abu a kansu.

Saƙonni biyu ne mutane ke haɗawa, kuma maganinsu ya bambanta. Na farko shi ne Scan and fix. Wannan mai sauƙi ne: Windows ya tarar da alamar nan ta ana tsakiyar aiki ba a goge ba. Filash ɗin yana buɗewa, don haka a fara kwashe muhimman fayiloli zuwa kwamfuta, sannan a bar shi ya gyara, ko a buɗe Command Prompt a matsayin Administrator a rubuta chkdsk E: /f. Dalilin fara kwashewa shi ne, chkdsk tsarin faifai yake daidaitawa, ba ceton fayil ne aikinsa ba. Guntayen da ya rasa mai su yakan tara su a wata ɓoyayyiyar folda mai suna FOUND.000, da sunaye irin FILE0000.CHK.

Na biyu shi ne naki, inda Disk Management zai nuna faifan a matsayin RAW, wato faifan da Windows bai gane tsarinsa ba. A nan chkdsk ma yakan ƙi aiki. Ki fara gwada wata ƙofa da wata kwamfuta, don wani lokaci ƙofar ce ta saki. Idan saƙon bai sauya ba, sai manhajar ceto. TestDisk kyauta ce, tana iya gyara farkon faifan ko ta nuna fayilolin a kwashe su. Tare da ita ake samun PhotoRec, wadda ba ta kula da rajista sam. Gurbi-gurbi take bi tana gane fayil ta alamar farkonsa. Tana ceto da yawa, sai dai sunaye da tsarin folda ba sa dawowa, sai kin bi ɗaya bayan ɗaya kin sake musu suna. A kwamfuta ake sa manhajar, a kwamfuta kuma ake ajiye abin da aka ceto, ba a kan filash ɗin da ake ceto daga gare shi ba. Idan takardun suna da matuƙar muhimmanci, mai gyaran da ya san aikinsa zai fara ɗaukar hoton filash ɗin gaba ɗaya zuwa fayil guda, da manhaja irin ddrescue, ya yi gwaje-gwajensa a kan hoton.

Fayil ɗin da ake tsakiyar kwafa lokacin da aka fizge, shi kam ki ɗauko shi daga inda ya fito. Idan kuma filash ɗin ba ya bayyana ko a Disk Management, ko yana nuna girman sifili, matsalar ta wuce manhaja, ta koma guntun da ke sarrafa shi.

Daga wani mai ɗaukar hoto a Katsina: Waya da kyamara fa? Su ma sai an yi musu wannan sallamar?

Ya danganta da abin da za ka cire. Idan waya ce ka jona da kwamfuta da igiya, wayoyin Android na yanzu suna amfani da tsarin MTP, inda wayar ce ke riƙe da ma'ajiyarta, kwamfuta roƙo kawai take yi. Shi ya sa sau da yawa ba za ka ga Eject ba. Ka bari kwafi ya ƙare, ka zare.

Katin memori da filash ɗin da ake jonawa a gindin waya ta OTG kuwa dokar kwamfuta ce a kansu. Shiga Settings, sai Storage, ka zaɓi katin ka danna Eject ko Unmount; wurin yana ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. In ka rasa, kashe wayar. Idan an mayar da katin ya zama ɓangaren ma'ajiyar cikin waya, abin da Android ya fara bari tun siga ta 6, to an kulle shi da mabuɗin wayar, ba zai karantu a wata na'ura ba.

Kyamara ta fi tsanani. Bayan ka ɗauki hotuna a jere, suna cikin ma'ajiyar kyamarar tana sauke su a kati, fitilar da ke kusa da murfin katin tana ƙyaftawa. Kada ka buɗe murfi ko ka cire batir sai ta mutu. A bidiyo kuma, yawancin kyamarori sai an danna tsayawa suke rubuta jadawalin da ke sa fayil ɗin MP4 ya buɗu. Batir ya mutu ko kati ya fita kafin nan, sai ka ga fayil mai nauyin gigabait da yawa amma babu manhajar da za ta kunna shi. A wurin biki, gara ka riƙa tsayarwa kana sake farawa da ka ɗauki awa guda a fayil ɗaya da batirin da ya yi ja.

Daga wani mai karatu a Gusau: Wane fomat ne ya fi jure zarewa ba sallama?

NTFS, domin yana da littafin da yake rubuta abin da zai yi wa tsarin faifai kafin ya yi, ta yadda idan an katse shi zai iya komawa ya daidaita. Amma tsarin yake karewa, ba cikin fayil ɗin da ake rubutawa ba. FAT32 da exFAT ba su da wannan littafi. Sai dai zaɓin ba a nan kaɗai yake ba. Rediyon mota, sifika da talabijin da yawa FAT32 suka fi ganewa, shi kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Katin da ya haura gigabait 32 da exFAT yake zuwa. Faifan da Windows kaɗai zai riƙa shiga, sa masa NTFS. Wanda zai yi yawo tsakanin Windows da Mac, exFAT, tare da Eject kowane lokaci.

Daga wani mai tura waƙoƙi da karatu a waya, Jos: Ban taɓa zarewa ba tare da Eject ba, amma wani sabon filash mai gigabait 64 kullum yana lalata min fayiloli. Na farko-farko suna buɗewa, na baya ba sa yi.

Ɗan'uwa, wannan ba ya kama da matsalar cirewa. Alamar jabun filash ce. Ana ɗaukar ƙwaƙwalwa ƙarama, a ce mai gigabait 8, a sauya bayanin da guntun sarrafawa ke ba kwamfuta, sai ya riƙa cewa shi 64 ne. Duk abin da ka zuba kafin ainihin filin ya cika yana zama lafiya. Abin da ya biyo baya ko dai ya tafi a banza, ko ya hau kan na farko. Sunaye da girma za su fito daidai a folda, domin rajista ta shiga, amma cikin fayilolin babu komai. Fomat ba ya gyara wannan, Properties ma ƙaryar da aka faɗa masa yake maimaitawa.

Gwajin da ke tona asiri shi ne a cika filash ɗin taf a sake karantawa. H2testw, manhajar kyauta da mujallar kwamfuta ta c't ta Jamus ta fitar, aikinta ke nan; a Linux akwai F3. Kwashe komai daga filash ɗin, buɗe manhajar, zaɓi harafinsa a Select target, ka bar shi a kan all available space, ka danna Write + Verify. Zai ɗauki lokaci: gigabait 64 a gudun megabait 10 a daƙiƙa ya kusa awa biyu kafin a zo karantawa. A ƙarshe zai faɗi adadin da ya dawo lafiya da adadin da ya ɓace. Tunda sana'arka ce, ka riƙa gwada ɗaya daga kowane sari kafin ka fara zuba wa mutane kaya.

Akwai wata cutar kuma da ake ɗora wa Eject laifinta, musamman ga filash mai yawo a shaguna: ka buɗe ka ga foldoji sun koma 'yan gajerun hanyoyi masu alamar kibiya, ko sun ɓace alhali fili yana nuna a cike. Bairos ne ya ɓoye su. Kada ka danna masu kibiyar, domin dannawar ce ke kunna shi. Ka fara wanke filash ɗin da manhajar kashe bairos da aka sabunta, sannan a Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sauya E da harafin naka. Foldojin za su bayyana, sai ka goge gajerun hanyoyin. Kwamfutar shagon ita ma a wanke ta a ranar, in ba haka ba filash na gaba da aka jona zai kwasa.